Laccar binciken ƙwaƙwaf a Jos: daga dalolin cin hanci zuwa zaman shiru na kwana 10

Wannan laccar wani tsohon ɗan jarida ne ya yi wa ɗalibai da matasa masu rubutu a soshiyal midiya a nan Jos, ni kuma na ɗauka a waya na zauna na kwafe. Na cire gaishe-gaishen farko da wuraren da ƙarar janareto ta danne murya, sauran kuwa yadda ya faɗa haka na bari.

Toh jama'a, na ga wasu har sun fara hamma tun ba a fara ba, sanyin Jos ne ko yunwa ce Allah masani. An ce in yi magana a kan binciken ƙwaƙwaf, kuma gara mu fara raba zare da abawa, domin yanzu duk wanda ya sayi data ta ɗari biyar ya buɗe shafi a Facebook sai ka ga ya rubuta a ƙarƙashin sunansa wai shi mai bankaɗo badaƙala ne. An turo maka takarda a WhatsApp, ba ka san wa ya rubuta ba, ba ka san me ya sa aka zaɓe ka aka turo maka ba, ka ɗora ka ce ga zafafan labarai. Ƙanena wannan aike ne aka aike ka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Bincike shi ne ka fito da abin da wani mai iko yake ɓoyewa, da guminka, kuma in an kira ka gaban alƙali gobe ka iya tsayawa ka ce ga inda na samu, ga wanda ya tabbatar min, ga ranar da na nemi jin ta bakin wanda ake zargi.

A cikin laifuffuka babu mai wuyar kamawa irin cin hanci. In aka saci akuya mai akuya zai kwana yana ihu unguwa ta ji, amma cin hanci mai bayarwa ya fita yana murmushi mai karɓa ya koma ciki yana murmushi, wanda aka cuta kuwa ba ya cikin ɗakin, yana can ƙauye yana jiran rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa. Shi ya sa kusan kullum labarin cin hanci ba ya fitowa sai an samu saɓani tsakanin ɓangarorin biyu, an hana wani kasonsa, ko an yi masa alkawarin kwangila an ba wani, ko an wulaƙanta shi a gaban yaransa. Ku riƙe wannan da kyau: majiyarku a labarin rashawa da wuya ta zama waliyyi. Mutum ne mai jin haushi. Jin haushinsa bai mayar da maganarsa ƙarya ba, amma dole ka san abin da yake nema da kai kafin ka san yadda za ka auna abin da ya kawo.

Yadda abin yake tafiya a siyasa kuwa ba wani sihiri ba ne. A ba da kwangilar titi ko ginin aji, tun kafin a sa hannu an riga an yi magana a kan kason oga, ɗan kwangila ya karɓi kuɗin somin aiki a banki, ya cire, ya nufi wajen 'yan canji ya mayar dala, saboda kuɗin da zai cika buhuna in naira ne, in an mayar da shi 'yan dala ɗari-ɗari sai ya shige jakar hannu. Daga nan alamar banki ta yanke. Wani lokacin ma ba a wahalar da kai, kamfanin da aka ba aikin na ogan ne, an dai yi masa rajista da sunan ƙanin matarsa ko direbansa. A majalisa kuma akwai lokacin kare kasafin kuɗi da lokacin ziyarar sa ido, nan ma hannu yana wanke hannu, kun tuna a 2005 zargin naira miliyan 55 ne na neman a ƙara wa ma'aikatar ilimi kasafi ya ci kujerar minista Fabian Osuji, shugaban majalisar dattawa Adolphus Wabara ma ya sauka. Na ƙasa-ƙasa kuwa, na shingen hanya da na teburin ofis, hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da laifuffuka sun ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun miƙa kusan naira biliyan 721 tsaba ga ma'aikatan gwamnati.

Na san abin da kuke jira in taɓo, bidiyon dala. A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta fara sakin faya-fayan bidiyo da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar ɗaurin daloli daga hannun ɗan kwangila yana sa wa a aljihun babbar riga, jaridar ta ce jimillar kuɗin ta kai dala miliyan 5. Gwamnatin Kano ta ƙaryata, ta ce haɗa bidiyon aka yi, shi ma har yau bai amsa laifin ba, kuma ku lura da yadda nake magana, zargi nake cewa, haka ku ma za ku rubuta. Majalisar dokokin Kano ta kafa kwamiti, Jaafar ya je gabansu da Alƙur'ani a rataye, sai kotu ta ce majalisa ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan, kwamiti ya tsaya. Gwamna yana da rigar kariya a sashe na 308 na tsarin mulki, ba a gurfanar da shi yana kan kujera. Aka yi zaɓen 2019 ya koma, a 2023 ya zama shugaban jam'iyyar APC na ƙasa. Shi kuwa ɗan jaridan an maka shi a kotu kan ɓata suna ana neman naira biliyan 3, daga baya aka janye ƙarar, a 2021 kuma ya bar ƙasar ya tafi Ingila saboda ya ce rayuwarsa na cikin haɗari.

Me ya sa na kawo muku wannan? Saboda yaran yanzu kun ɗauka in ka samu bidiyo shikenan magana ta ƙare. A nan ma take farawa. Bidiyo yana nuna hannu yana karɓa, ba ya faɗa maka kuɗin mene ne, na wace kwangila ne, ran wace rana ce, wa ya riƙe kyamarar, kuma shi mai kyamarar zai yarda ya fito ya rantse ko kuwa zai kashe wayarsa ya bar ka a rana. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, sai an nuna na'urar da ta ɗauka da yadda aka adana. Kai kuma ka tura shi ta WhatsApp sau biyar, ingancinsa ya lalace, bayanan da ke maƙale da asalin fayil ɗin sun goge, ka zo kana cewa ai kowa ya gani da idonsa. Balle yanzu da ake iya ƙirƙirar fuska da murya da kwamfuta, duk wanda aka kama kalma ɗaya zai faɗa, haɗi ne.

Ku kwatanta da na Farouk Lawan, ɗan majalisar wakilai daga Bagwai da Shanono wanda ya shugabanci kwamitin binciken tallafin mai a 2012. Shi ba 'yan jarida ne suka ɗana masa tarko ba, attajiri Femi Otedola ne ya ce an nemi dala miliyan 3 a wajensa don a cire kamfaninsa daga jerin masu laifi, ya haɗa kai da jami'an tsaron farin kaya aka ɗauki hoton miƙa kuɗin. Farouk ya ce shi ya karɓa ne don ya tona asiri. Akwai mai bayarwa da ya yarda ya tsaya a akwatin shaida, akwai jami'ai, duk da haka sai a 2021 aka yanke masa shekara 7 kan dala 500,000, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar 5, kotun ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024, ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban shekarar. Daga 2012 zuwa 2024 fa, wasunku suna firamare aka fara.

Ni a wajena takarda ta fi kyamara, duk da ba ta da armashi. A nan jihar tamu, shari'ar tsohon gwamna Joshua Dariye a kan kuɗin gyaran muhalli sama da naira biliyan ɗaya, ba bidiyo aka kai kotu ba, ceki aka bi, daga inda ya fito zuwa asusun da ya faɗa zuwa inda aka rarraba, a 2018 aka ɗaure shi shekara 14, aka rage zuwa 10, sannan a 2022 aka yi masa afuwa. Mujallar TheNews a 1999 da takardun makaranta da shekarun haihuwa ta sauke Salisu Buhari daga kujerar kakakin majalisar wakilai. Premium Times a 2018 da takardar yafe bautar ƙasa guda ɗaya ta sa ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki. Kuma kuna da kayan aikin da mu ba mu da su lokacin da muka fara: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardarka, shafin hukumar rajistar kamfanoni yana nan ka bincika sunan kamfani, kasafin kuɗi yana intanet. Sau da yawa ba za su amsa ba, eh na sani, amma ƙin amsawar ma labari ne in kana da kwafin wasiƙarka da hatimin karɓa a jiki. Ka ɗauki layi ɗaya a kasafin kuɗi, gina ajujuwa uku a gari kaza, ka hau mota ka je garin ka ƙirga ajujuwan. Wallahi rabin aikin kenan, amma kowa ya fi son ya zauna a shagon caji yana jiran a turo masa.

Sai maganar ɓad-da-kama. Anas Aremeyaw Anas na Ghana, mai rufe fuska da labulen duwatsu, a 2015 ya ɗauki alƙalai sama da 30 a ɓoye ana zarginsu da karɓar kuɗi har da awaki, an kori da yawa. A 2018 ya shiga harkar ƙwallo, shugaban hukumar ƙwallon Ghana Kwesi Nyantakyi ya faɗi, har namu Salisu Yusuf, ɗaya daga cikin masu horar da Super Eagles, an gan shi yana karɓar dala 1,000, ya ce kyauta ce ba ta sa ya canza zaɓin 'yan wasa ba, aka dakatar da shi shekara ɗaya. Aiki ne da ya girgiza ƙasa, amma ni ina da ja a kan wani ɓangarensa. Akwai bambanci tsakanin ka ɗauki hoton laifin da dama ana yinsa, da ka ɗauki kuɗi ka je ka gwada imanin mutum ka ga ko zai karɓa. Na biyun yana kama ɓarayi na gaske, kuma yana iya kama mutumin da a ransa ya ɗauka alheri aka yi masa, musamman a ƙasashenmu da mayar da kyauta abin kunya ne. Ɓad-da-kama sai in babu wata hanya, kuma da sanin edita da lauya. Ɗan jarida Umar Audu da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, labarin ya fito a ƙarshen 2023, kasuwar tana nan tana ci tun kafin ya je, shi dai ya shiga layi ne ya saya kamar kowa, wannan babu ja.

Kuma aikin nan yana cin rai. Abokin aikin Anas, Ahmed Hussein-Suale, wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin ya ce a duke shi in an gan shi, a Janairun 2019 wasu a kan babur suka harbe shi a unguwar Madina a Accra, ɗan majalisar ya ce ba shi da hannu. Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, bam aka aika masa a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. Ɗan jarida Bagauda Kaltho ya ɓace a zamanin Abacha. Yanzu kuma ba sai an kai ga haka ba, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya isa a ɗauke ka daga Jos a kai ka Abuja ka yi kwanaki kafin a fara tambayar laifinka, duk da gyaran da aka yi wa sashen a 2024.

Gidanmu ma ba a share yake ba. A je taron manema labarai, a gama, a ce ku rubuta suna, a miƙo ambulan a ce kuɗin mota. Na san albashi ba ya zuwa, na san akwai gidajen da katin shaida kawai suke ba ka su ce je ka nemi abinci da shi. Amma ma'aunin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ma'aikacin zakkar nan da ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, shi ne ma'aunin: ya zauna a gidan uwarsa da ubansa mana ya ga ko za a kawo masa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ranar da labarin mai ambulan ya zo teburinka hannunka zai yi nauyi.

Yanzu bari in kai ku wani wajen da ba ku zata ba, don kada ku fita da tunanin cewa bincike sai a kan 'yan siyasa. Ɗan siyasa ai sauƙi gare shi ta wani ɓangaren, kafin ka buɗe baki rabin gari sun yarda ɓarawo ne. Labarin da ya fi wuya shi ne wanda babu kuɗi a ciki, babu mugu ƙarara, kuma mutane suna ƙaunar wajen.

Akwai wata 'yar jarida a Financial Times ta Landan, Madison Marriage. A 2018 ta yi shigar mai hidima ta shiga wata liyafar attajirai ta maza zalla ta fallasa yadda ake cin zarafin 'yan matan da ke aiki a wajen, ƙungiyar da ta shirya liyafar ta rufe cikin 'yan kwanaki. A farkon 2024 kuma ta fito da wani bincike na murya a kan wuraren zaman shiru na tattara hankali da ake kira Vipassana, tsarin wani malami S. N. Goenka, ɗan asalin Indiya da aka haifa a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a 1924, ya fara koyarwa a Indiya a 1969, ya rasu a 2013, cibiyoyinsa kuma sun bazu a duniya. Ku ji yadda zaman yake. Kwana 10 ne. Ka miƙa wayarka a ƙofa, ba littafi ba biro, ba magana, ko haɗa ido da na kusa da kai ba a so. A tashe ka ƙarfe 4 na asuba, ka zauna kusan awa 10 a rana, kwana ukun farko kana lura da numfashinka kawai a bakin hanci, daga na huɗu ka riƙa bin jikinka da hankali daga ka zuwa ƙafa, akwai zaman awa guda da ake so ko motsi kada ka yi. Abinci mai nauyi daga rana ya ƙare, da yamma shayi ne da 'ya'yan itace ga sababbi. Har ibadarka ta addini dokarsu ta ce ka jingine ta sai an gama, wanda ga Musulmi ko Kirista mai riƙo wannan kaɗai abin tsayawa a duba ne. Kuma kyauta ne, ba a karɓar ko sisi, wanda ya gama ya ji daɗi shi yake ba da gudummawa don na baya.

Toh ina labarin? Mutane da yawa suna fitowa su ce abin ya canza musu rayuwa, kuma ba ƙarya suke ba. Amma akwai waɗanda suka fito barci ya ƙaurace musu, firgici ya kama su, suna jin kamar ba su ba ne a jikinsu, wasu suka zautu har aka kwantar da su a asibitin ƙwaƙwalwa, wasu iyalai suka ce 'ya'yansu sun kashe kansu bayan zaman. Tambayoyin da aka yi su ne ainihin aikin: wa yake tantance mai shiga, bayan fom ɗin da shi da kansa yake cikewa? Masu kula da ɗaki, waɗanda 'yan sa kai ne, an koya musu gane wanda hankalinsa ya fara gushewa? In mutum ya zo yana kuka ya ce zai tafi, ana barinsa ko ana ce masa ya daure abin yana fita ne? In ya koma gida ya rikice, wa yake bibiya? Su masu tsarin suna cewa dama sun rubuta cewa zaman bai dace da mai matsananciyar lalurar ƙwaƙwalwa ba, kuma dole ka sa wannan a labarinka.

Masana ma sun duba. Willoughby Britton da Jared Lindahl na jami'ar Brown a Amurka sun wallafa bincike a 2017 bayan sun yi hira da mutum 60 masu zaman tattara hankali iri-iri da suka gamu da matsala, kuma ba duka ne suke da tarihin ciwon ƙwaƙwalwa ba. A 2020 Miguel Farias na jami'ar Coventry da abokansa suka tattara bincike 83 suka ga kusan kashi 8 cikin 100 sun gamu da wata illa, mafi yawa fargaba da ƙuncin rai. Kuma ba sai ka zama likita ba ka gane dalili, ka rage wa mutum barci, ka rage abinci, ka raba shi da magana da mutane, ka ce ya zura wa cikinsa ido awa 10, in akwai wani tsohon ciwo da ya binne zai taso, kuma ba kowa ne yake da ƙarfin tararsa shi kaɗai ba.

Na ga wasu suna murmushi wai abin Turawa da Indiyawa ne. Mu nan ba mu san halwa ba? Kowa a ɗakin nan ya taɓa jin an ce wane ya ja wuridin da ya fi ƙarfinsa ya zare. Malaman ɗariƙa na gaskiya ai sun san haɗarin tun da daɗewa, shi ya sa ba a shiga halwa sai da izini, shehi yana leƙowa yana tambayar me ka gani me ka ji, in ya ga alama ya ce fito. I'itikafi ma kwana 10 ne, amma a masallaci cikin mutane, kana cin sahur kana buɗa baki kana barci. Kuma an ruwaito Annabi ya ga igiya a ɗaure a masallaci wadda Nana Zainab take riƙewa in ta gaji da sallar dare, ya ce a kwance ta, mutum ya yi gwargwadon kuzarinsa in ya gaji ya zauna. Matsalar tana wajen wanda ya karanta a littafi ko ya ji a TikTok ya kulle kansa a ɗaki, da wajen masu hawa dutse azumin kwana da kwanaki ba ci ba sha, da duk wani gida da ake rufe ƙofa a ce na waje ba zai gane ba. Ƙarshen irin wannan hanya in ta ɓaci kun gani a dajin Shakahola na Kenya a 2023, an tono gawa sama da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa. A Rigasa ta Kaduna ma a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da kyakkyawar niyya. Ban ce duka ɗaya ba ne, kar wani ya je ya rubuta haka, tsakanin zaman Vipassana da Shakahola akwai tafiya mai nisa.

A irin wannan labarin ba ceki ba bidiyo, hujjarka mutane ne, kuma mutanen da za a ce ai dama mahaukata ne. Don haka mutum ɗaya bai isa ba, sai ka samu da yawa waɗanda ba su san juna ba suna faɗar abu iri ɗaya, ka nemi takardar asibiti da izininsu, ka ji ta bakin likitan ƙwaƙwalwa, ka ji ta bakin waɗanda suka amfana, ka kai wa masu wajen tambayoyinka a rubuce ka ba su lokaci. Kuma kada ka ce zaman ne ya jawo ciwon in likita bai ce ba, ka ce bayan zaman ne abin ya faru. Sunan mara lafiya kuwa ka ɓoye, a garin nan in aka ce yarinya ta taɓa kwanciya a ɓangaren masu taɓin hankali kun san abin da zai samu maganar aurenta.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wani saurayi ya tashi ya ce, ranka ya daɗe, in wanda ake zargin malaminmu ne ko ɗan jam'iyyarmu ko ɗan addininmu, a gari irin Jos da komai ake fassarawa da mu da su, ya za a yi?

Ya ce: ɗana, ai ka faɗi wajen da ya fi ciwo. Za a ce an saye ka, za a je wajen mahaifinka, za a ce me ya sa ba ka taɓa na can ɓangaren ba. Ni abin da na sani shi ne ka tambayi kanka, da a ce na can ɓangaren ne, wannan hujjar da ke hannuna za ta ishe ni in buga? In za ta isa, nan ma ta isa. In ba za ta isa ba, toh can ma ka daina bugawa da irinta. Sannan ka rubuta a kan aikin da aka yi da mutumin da ya yi, kada ka sa sunan ƙabila ko ɗariƙa ko coci a kanun labari in ba shi ne labarin ba, garin nan ya sha wuta a kan abin da bai kai haka ba.

Wata ɗaliba ta ce, Baba, in ma'aikaci ya ba ni takardar ofis a ɓoye, yaya zan kare shi?

Ya ce: 'yata, kar ki ɗora hoton takardar yadda take. Sau da yawa akwai lamba ko sa hannu ko rubutun biro a gefe da ke nuna teburin da ta bi, a ofis ɗin mutum uku ne kaɗai suka taɓa ta, cikin awa ɗaya za su gane. Ki kwafe abin da ke ciki da hannunki, ki nemi wani daban ya tabbatar miki ba tare da kin faɗa masa inda kika samu ba. Kar ki kira shi da layinki, kar ki ajiye sunansa a waya, ku haɗu ido da ido inda ba a san ku ba. Asalin takardar kuma kar ta kwana a ɗakinki, ki kai wa lauya ko edita, ki ajiye wani kwafin a wajen wanda ba danginki ba ne kuma ba ɗan jarida ba.